Inna Tsahara Mai Ƙirga Numfashi

Da an idar da sallar asuba, Inna Tsahara takan naɗe tabarmarta ta fito daga unguwarsu Bromakote da ke Adjame, ta hau mota ta ƙetare gada zuwa unguwar Treichville. A bakin ruwa, inda mata ke bandar kifi, ake jiran ta. Kafin a hura wuta za ta zaunar da su, kowace ta miƙe bayanta, ta toshe hanci ɗaya da babban yatsa. Ita kuma ta ɗaga murya tana ƙirga: a ja numfashi har huɗu, a sake shi sannu a hankali ta ɗaya hancin har takwas. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana wannan.

Sana'arta guga ce. A gidan wani Ba'indiye mai sayar da yadi ta ga matar gida tana yin haka kullum da safe, su suna ce masa yoga. Matar ta nuna mata, ita kuma ta kai wa mijinta Mati, wanda dakon siminti ya ci wa ƙirji. Bai warke ba. Amma watanninsa na ƙarshe yana iya karanta Fatiha ba tare da ya tsaya haki ba. Da ta fita takaba a 1953, ta je sayen kifi, sai ta ji irin tarinsa a bakin matan nan. Washegari ta dawo da tabarma.

Da fari dariya suka yi mata. Raliya, wadda ta fi kowa baki a cikinsu, ta ce, "Inna, yau kuma numfashi za a koya mana? Ku a garinku Tawa da kunne kuke shaƙar iska?"

"Zauna, mai bakin tsiya," in ji Inna. "Tarinki har Adjame muke jin sa."

Yau Raliya kan hau tudu da kwandon kifi a ka ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Wasu sun ce barcinsu ya daidaita, wasu faɗuwar gaba ta ragu. Ranar da Fadimatu, ƙarama a cikinsu, ta yi tari da jini, Inna ba ta zaunar da ita ba. Ta kama hannunta ta ce, "Wannan ya fi ƙarfin ƙirgata, 'yata, tashi mu je likita." Fadimatu tana nan da ranta.

Akwai abin da ba wadda ta lura da shi. Mai ƙirga da baki ba ta samun yin numfashin. Inna, ke ce kike shaƙar hayaƙin da ya kwana a wurinsu kina kiran huɗu da takwas, daga nan ki wuce ki duƙa kan gawayin dutsen guga har la'asar. Ke ce kika gyara ƙirjin kowa, kika bar naki.

Juma'ar da ta wuce ta zo a makare, tana dafa bango. Ta fara kamar kullum, amma da ta kai biyar muryar ta ɗauke. Matan suka buɗe ido suka ga tana haki, tana neman gafara da hannu. Likita ya riga ya ce ta bar hayaƙi da guga, ba ta faɗa wa kowa ba.

Raliya ta rarrafo ta zauna gabanta, hawaye na zuba. Ta kama babban yatsan Inna ta ɗora mata a hanci.

"Yi shiru, tsohuwa. Yau ke ce 'yar koyo."

Sai duk suka ɗauka tare: ɗaya, biyu, uku, huɗu.

Mun gode, Inna Tsahara, Allah Ya ba ki sauƙi, Ya jiƙan Mati. Yanzu matan ne ke ƙetare gada da safe, bi da bi, su je Bromakote su ƙirga mata. Wadda duk ta taɓa zama a tabarmar nan, ta koya wa wata, ta kuma karɓi ranarta. Jiya, wajen sakin numfashi, Inna ta kai shida.