Rabon Baƙo a Bakin Rijiya

Ko zan manta komai na farkon aikina, ba zan manta bazarar da na yi a wani ƙauye na ƙasar Malawa, cikin Dungas ba. A can ne wata tsohuwa da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta koya mini yadda ake tafiyar da aiki.

Lokacin ina sabon ma'aikaci a wani ƙaramin poroje na ayyukan raya karkara mai biro, wato ofis, a Magarya. An tura mu Damagaram horo na mako biyu a kan tsara aiki, na dawo kai ya kumbura, ina jin ko gari aka ce in gina, kafin la'asar na gama. Shef ɗina, wato shugabana a wurin aiki, ya damƙa mini aikin rijiya guda a ƙofar ƙaramin gidan likitan ƙauyen, inda ungozoma ke karɓar haihuwa da ruwan da mata ke ɗaukowa daga nesa. Ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye cewa porojen zai rufe a shekarar, in rijiya ba ta kammala kafin damina ba ramin zai rufta, kuma ba mai sake waiwayarsa. Na ce ya kwantar da hankalinsa. Na samo takarda mai faɗin tabarmar salla, na jera ayyuka daga na ɗaya zuwa na goma sha biyu, kowanne da ranarsa, na sa ƙarshen watan shida ranar gamawa. Har da alƙalami mai launi na yi mata ado.

Da farko abin ya tafi sumul. In zo a kan moto, wato babur, in leƙa rami, in yi maki a takarda, in koma ina fito. Sai wata safiya cikin watan biyar babban mahaƙin, wani dattijo da muke ce wa Baba, ya fito daga rami ya karkaɗe jikinsa, ya ce sun iso rairayi mai gudu, ba wanda zai ƙara sauka sai an zura zobban siminti sun tokare bangon. Na duba takardata. Zobba na layi na takwas, tsakuwar da za a zuba su da ita na layi na bakwai, ni kuwa ban nemi ko ɗaya ba, wai don layinsu bai zo ba. Ga shi ƙasar yashi ce zalla, tsakuwa sai an yi tafiyar rabin yini, babbar mota kuma kafewa take yi a hanyar. Na zagaya gidajen masu amalanke, kowa ya ce in yi haƙuri, taki yake kai wa gona. Kwana uku mahaƙa na kwance a gindin gawo, ni ina zaune ina kallon takarda kamar za ta haifi tsakuwa.

Akwai wata tsohuwa mai gida jikin gidan likitan, ita ke aiko wa mahaƙa fura. Kowa Inna yake ce mata, kuma ita ce uwar tuwon garin: duk bikin da za a ciyar da jama'a, ita ake damƙa wa madafa. Ran na ukun ta fito da kanta, ta tsaya a kaina ta ce in karanta mata abin da ya hana ni shan fura. Na fara daga sama, cikin ƙosawa. Ban kai layi na huɗu ba ta ɗaga hannu.

"Ɗan nan, ina ranar ci?"

Na ce ban gane ba. Ta ce ita in an ba ta tuwon biki, ba ta fara tunani daga hura wuta. Sai ta tambayi lokacin da baƙi za su wanke hannu, daga nan ta riƙa komowa baya har ta iso ranar da za a surfa hatsi. Na nuna mata ƙarshen watan shida. Dariya ta yi har da riƙe ƙugu. Ta nuna mini gawon da nake zaune a gindinsa, ganye ya fara zuba, ta ce shamuwa ma ta sauka a tsamiyar masallaci tun shekaranjiya. Ranar da ruwa ya sauka kuwa, ko ɗan sarki ne ya faɗa ramin nan sai an dawo daga shuka a ciro shi. In na samu kwana ashirin da biyar, in gode wa Allah.

Ta zauna a ƙasa, ta aje dutse ta ce wannan ruwan sama ne. Ta tambayi Baba zobe nawa ake so, ya ce goma. Kwana nawa zobe ke yi kafin ya yi ƙwari? Mako guda, ana shayar da shi ruwa. Nawa ake zubawa a yini? Ɗaya, don ƙarfen zubin guda ne. Ta ƙara da kwanakin tara tsakuwa da na zura zobba. Tana tambaya tana jera ƙwallon goruba daga dutsen tana yo baya, kowace a madadin yini guda, har goruba ta wuce gaban ƙafata, inda ta ce nan ne yau. Ta ce to ka gani, tun jiya ya kamata tsakuwa ta iso. Wallahi sai da na ji kunya ta rufe ni. Abin da malaminmu na Damagaram ya yini yana zanawa a allo, wai a nemo aikin da ya tare wa sauran hanya, shi ne a shimfiɗe gabana da goruba, kuma sai ran nan na gane shi.

Da la'asar ta ja ni gaban maigari. Ba ta nemi a bar kai taki ba. Cewa ta yi kowane mai amalanke ya ba da yini guda, bi da bi, ban da ranar kasuwa, ita kuma ta ɗauki tuwon gayya. Ta ce kada a jira tsakuwa ta taru, amalanken farko na isowa a zuba zoben farko. Sannan ta raba aikin, kowane abu da mai shi guda: wannan tsakuwa, wancan yashi, wata mata ta riƙe ruwan shayar da zobba. A cewarta miyar da mutum biyu suka sa wa gishiri ba ta ciyuwa, wadda aka bar wa kowa kuma lami take fitowa. Ni aka ba ni siminti da ƙarfe, da kuma abin da ya fi mini nauyi, wato in je in gaya wa shef gaskiyar inda muke. Na je ina jan ƙafa. Ya wanke ni tas, amma kashegari ya sa mota ta kawo sauran simintin har bakin kwalta.

Kullum bayan la'asar sai mu taru a gindin gawon, ba a ko zama. Ba ta tambayar wa ya yi ƙoƙari. Abin da take tambaya shi ne wa ke jiran wa, in an faɗa a warware shi nan take, sannan ta ɗauke goruba guda. Ni da nake taƙama da biro na koma mai bin ta da ido, ina mamakin yadda dattawa masu gemu ke kawo mata bayani kamar ƴan lakwal a gaban malaminsu.

Sau ɗaya muka yi musu. Da aka zuba zobe na goma na ce a wanke ƙarfe, an gama. Ta ce a ƙara biyu. Na ce lissafi goma ya ce, simintin da ya rage na daɓen bakin rijiya ne, kuma rijiya ba biki ba ce. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ban taɓa kwashe tuwo ban aje rabon baƙo ba. Kowane aiki da baƙonsa, ɗan nan, kuma ba ya sallama."

Na yi ta ƙunƙuni, amma Baba ya goya mata baya, aka zuba biyun aka rufe su da zana.

Ranar da ake zura zobe na tara, gabas ta riga ta fara haɗa baƙi, iska na kawo ƙamshin ƙasa daga wani wuri da aka yi ruwa. Zoben na lilo a bakin rami sai ƙullin igiya ɗaya ya zame. Ya karkace, ya daki itacen da aka gitta, ya dare gida biyu. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki, sauran igiyoyin kuma suka riƙe shi aka janyo. Na zauna daɓas a yashi. Sabon zobe sai mako guda, ga hadari a kanmu, na ga rijiya ta tafi, na ga ungozomar nan da tulunanta. Inna na tsaye da ƙwaryar fura a hannu, ko aje ta ba ta yi ba. Da haɓa kawai ta nuna zanar. Aka yaye, ga zobba biyu sun yi ƙwari, suna jira. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, kuma ban ɓoye shi ba.

Ran nan aka zura na tara, kashegari da hantsi na goma ya zauna, Baba ya fito da guga cike da ruwa. Kafin la'asar sama ta ɓalle da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da gari ya waye na fito ban tarar da kowa ba, yaro da babba duk sun tafi shuka, sai ni da ungozoma a bakin rijiya tana jan ruwa. A gindin gawon goruba biyu ce ta rage.

Da na je yi wa Inna sallama na tsokane ta, na ce ga zobe ɗaya ya yi kwantai. Ta ce baƙo ɗaya ne ya zo, kuma gara a yi saura da a ji kunya. An kafa shi gefen rijiyar, an daɓe gindinsa, dabbobi na shan ruwa a ciki.

Na riƙe ayyuka da yawa bayan wannan, na je horo iri-iri, amma abin da ke hannuna na gindin gawon nan ne: ka nemi ranar ci ta gaskiya wurin masu wurin, ka ƙirgo baya, ka aje wa abin da ba ka sani ba rabonsa. Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta. Har gobe duk tsarin aikin da na rubuta, layin ƙarshe sunansa rabon baƙo, kuma in sabon ma'aikaci ya tambaye ni ma'anarsa, sai in ce ya jawo kujera.