Aldenor Mai Jan Kuɗi a Igiya

"Kada ka ƙara ce mini 'yata da wannan lakar ta wasa a fuskarka!"

Dona Zuleide ta tsaya cak da ludayi a hannu. Katako ne kawai tsakanin kicin ɗinta da ɗakin Aldenor, katakon ma da gangan aka bar masa rata don ya yi kama da na da. Ko tari ya yi tana ji. Amma muryar mace ba ta taɓa fitowa daga ɗakin nan ba.

"To ta yaya zan gane ki, Cleonice? Ko rarrafe ba ki fara ba na tafi."

"Ai shi ne, Seu Aldenor. Ko rarrafe ban fara ba." Seu ta ce masa, wato Malam, yadda ake kiran baƙo.

Zuleide ta san shi tun zamanin ramin gaske. Lokacin da labari ya bazu cewa zinariya ta ɓullo a Grota do Jacu, maza suka kwararo daga jihar Maranhão a bayan manyan motoci, har da shi, matashi ɗan garin Bacabal. Ya baro matarsa Firmina da jaririya, bayan ya rantse a gaban surukinsa cewa ba zai sake taka ƙofar gidan ba sai da zinariya a hannu. Dakon buhu ya samu. Daga gindin rami zuwa bakinsa, a kan tsani mai santsi, ƙafar wani a bisa kansa, kan wani a ƙarƙashin ƙafarsa. Wasu abokan hawansa sun dace, wasu ƙasa ta rufta da su. Shi bai dace ba, bai kuma mutu ba. Rami ya cika da ruwa, gari ya watse, Aldenor ya zauna.

Yana neman tsufa wani ɗan kasuwa ya sake gina sansanin saboda masu yawon buɗe ido: rumfunan leda, gajeren tsani, da ramin da ko akuya ta faɗa ba za ta karye ba. Aka ɗauki Zuleide ta riƙa dafa wake da busasshen nama da garin rogo kamar yadda take yi a da, sai dai yanzu da ruwa mai tsabta. Aldenor kuwa, da mai wurin ya ga kantar buhu a wuyansa da giɓin bakinsa, sai ya ba shi babban matsayi, na mutumin da ya dace.

Wasan bai da wuya. Zai tsuguna yana juya akushi a ruwa har garin tagullar da aka zuba ya yi ƙyalli, ya kurma ihu. Daga nan ya yi abin da masu sa'a na gaske suka riƙa yi a idonsa: ya ɗaura tsofaffin takardun kuɗin kuruzeiro da aka daina kashewa a doguwar igiya, ya ja ta a ƙasa yana zagaya sansani yana cewa, "Na gaji da bin kuɗi, yau kuɗi ke bi na!" Yara su bi shi suna shewa.

Ƙarshen wasan ne ba mai wurin ya tsara ba. Aldenor da kansa ya ƙara shi. Yakan zaɓi wata mace cikin 'yan kallo, ya durƙusa, ya miƙa mata 'yar kwalbar garin tagulla, ya ce, "Na dawo, uwargida. Kin ga ban yi ƙarya ba." Zuleide ta daɗe da lura cewa kullum siririya mai dogon wuya yake zaɓa. Ba ta taɓa tambayarsa dalili ba.

Yau da safe ya zaɓi wata siririya mai dogon wuya. Ta karɓi kwalbar ba ta yi dariya ba. Aka tafa, aka ɗauki hoto. Ta jira har ya shiga ɗaki, ta bi shi.

"Tikiti na saya," muryar Cleonice ta sake ratso katako. "Tikiti na saya na ga ubana."

"Da kin faɗa a ƙofa ai kyauta za ki shiga."

"Mama na asibiti. Likita ya ce ba za ta kai ƙarshen damina ba. Ba ta ce ka zo da komai ba, ka ji? Kai kaɗai. Akwai motar yamma."

Sai ƙarar gadon igiya.

"Na yi rantsuwa."

"Wanda ka rantse wa ya rasu tun ina firamare!"

Zuleide ta zuba gahawa kofi biyu, ta zagaya, ta tura ƙofa da ƙafa ba sallama.

"Kai ɗan Bacabal, tsohon banza, tashi ka bi 'yarka. Kana tsammanin wani zai yi kewarka a nan? Ko jaki aka ɗaura wa igiyar nan za a tafa masa."

"Zuleide, wakenki na ƙonewa."

"Ya ƙone. Da can ma ƙonanne kuke ci kuna lashe hannu."

Yana zaune a bakin gado, hannuwansa na rawa a kan gwiwa, rawar da hayaƙin ƙona zinariyar wasu ya bar masa. Bai dubi 'yar ba. Ledar kayansa yake kallo, wadda ke rataye a ƙusa: wando biyu, reza, katin asibiti. Nan Zuleide ta gane. Rantsuwa ba ta riƙe kowa shekara arba'in. A wannan filin kaɗai Aldenor yake mutumin da ya dace. In ya sauka a tashar Bacabal, tsoho ne da leda a hannu, kuma Firmina za ta dube shi ta yafe masa. Zagi zai iya ɗauka. Yafiyar ce ba zai iya ba.

"Baba," in ji Cleonice. Kalmar ta fito mata da ƙyar, kamar ta aro ta.

Ya runtse ido. Zuleide ta ce a ranta, to, ya karye.

Sai ƙararrawa ta kaɗa daga bakin rami, motar masu yawon buɗe ido ta rana ta iso. Aldenor ya miƙe. Ya tsoma yatsu a gwangwanin laka da ke bayan ƙofa, ya gyara inda ta goge a kumatunsa, a natse, yadda mace ke gyara kwalliya. Ya ɗauki akushinsa.

Cleonice ba ta tare shi ba. Kwalbar na nan a tafin hannunta, ta rasa inda za ta ajiye ta.

A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Ki gaya wa uwarki na samu. Ki ce da idonki kika gani. Sau biyu nake samu a rana, ban da Litinin."