Ranar da Na Matse Littafina

Ina goge takalmi a ƙofar gidanmu a Malali na ji an ambaci sunan Bala a rediyo, abokina tun firamare. Labarinsa aka karanta. Shafi huɗu ne kacal, na sani, domin a gabana ya rubuta shi.

Farkon shekarun casa'in ne, ban daɗe da gama jami'a ba. Ni kuwa ina da littafi mai shafi ɗari biyu da sha ɗaya, shekara uku ina rubutawa, babu wanda ya taɓa karantawa. Ranar ko abinci kasa ci na yi.

Sai na zauna na matse littafin ya koma shafi huɗu don ni ma a karanta nawa, na kai wa Malam Sule mai buga tafireta a Unguwar Dosa. Ya karanta, ya cire tabarau.

"Ɗan nan, mutum nawa ne a ciki?"

"Sha tara, Baba."

"To, na Bala da na ji a rediyo, tsohuwa ɗaya ce tana jiran mota. Kai ka kwaso unguwa guda ka cusa a shago! Gajeren labari abu ɗaya yake kamawa. Matsakaici ya bi mutum ɗaya da damuwarsa. Naka dogo ne, bar shi ya miƙe ƙafa."

Ya maido mini takarduna bai buga ba.

Gaskiya ya faɗa. Duk da haka, wata biyu na yi ina canza hanya don kada mu haɗu da Bala. Ku ma kun taɓa kasa taya aboki murna?