Hajiya Luba a Tekun Italiya

A Wudil aka haifi Luba, a wani gida da ke kallon kogi, inda in ka fito daga zaure ƙafarka za ta fara taka yashi kafin ta taka hanya. Mahaifinta, Malam Habu, masunci ne, haka ma kakanta. Ita kaɗai ce mace a cikin 'ya'yansa, don haka duk abin da yayyenta suka iya, ita ma ta iya. Tun ba ta kai tsawon filafili ba take zama a gindin kwale-kwale tana kwashe ruwa da ƙwarya. Da ta tasa, ita ke tuƙa mahaifinta zuwa tsallake ya duba komarsa. Uwarta takan yi faɗa, ta ce 'ya mace ba ta da abin yi a kogi sai wanki. Malam Habu ya yi dariya ya ce, "Ƙyale ta, ruwa ya san nasa."

Wata ranar Juma'a wani saurayi siriri mai suna Yahaya ya zo daga Kano sayen fatu a kasuwa. Ya tsaya a gabanta yana taya kifi, ya taya ya sake tayawa, har ta gane ba kifin ne ya tsayar da shi ba. Ta so shi, shi ma ya so ta, iyaye suka sa albarka. Suka fara zama a Fagge, a gidan haya mai cike da mata da yara, inda ba a rufe ƙofa sai za a kwanta. A nan ta haifi Anas, bayansa Nabiha. Daga baya, duk lokacin da aka ambaci Fagge sai ka ga fuskarta ta saki.

Sai fata ta karɓi Yahaya. Ya shiga harkar jima, ya fara tura kaya Italiya, inda ake yin takalma da jakunkuna da fatar awakin Kano. Ya je Makka, ya kai ta ita ma, ya sayi wani tsohon gida a Nassarawa GRA mai faɗin fili da manyan bishiyoyin mangwaro. Ranar da suka tare, Luba ta zagaya gidan tana murna. Da la'asar ta fito bakin get ta tsaya ko za ta ga maƙwabciyar da za ta gaisa da ita. Ba ta ga kowa ba sai motoci masu wucewa da gilas a rufe.

Ba wanda ya taɓa wulaƙanta ta a unguwar. Matan suna da kirki, ana haɗuwa a biki da suna, a gaisa, kowa ta shiga motarta. Amma in an zauna hira, ana maganar makarantun yara da Dubai da leshi, ita kuwa abin da ta fi sani shi ne yadda launin kogi ke sauyawa in damina ta kusa, da inda tarwaɗa ke ɓuya in ruwa ya ja. Wa za ta gaya wa wannan? Sai ta koyi yin murmushi da shiru. Aka riƙa yabonta, ana cewa Hajiya Luba ba ruwanta, mace mai haƙuri.

Wudil ba ta da nisa, amma ba ta zuwa sai biki ko ta'aziyya. In ta je, direba ke kai ta, a shimfiɗa mata darduma a ɗaki, a kawo mata lemo, a ce Hajiyar birni ta zo. Sau ɗaya ta ce za ta leƙa bakin kogi, matar yayanta ta riƙe baki ta ce, "Haba Hajiya, da wannan leshin? Me mutane za su ce da Alhaji?" Ta koma ta zauna.

Shi kuwa Alhaji Yahaya kullum yana hanya. Ba mugun miji ba ne, bai taɓa ɗaga mata murya ba, bai bar ta ta nemi komai ta rasa ba. In ya dawo daga Italiya ya zube mata tsaraba, ya ce, "Hajiya, akwai wani teku kusa da garin da nake sauka, in kin gan shi sai kin yi tasbihi. Baɗi in Allah ya kai mu da ke zan tafi." Ta ce, "Allah ya kai mu." Baɗi ta zo, kaya suka maƙale a tashar Legas. Wata baɗin ana bikin Anas. Haka shekaru suka yi ta turawa har furfura ta cika masa gemu, yaran suka watse, gidan ya rage daga ita sai mai aiki da kukan tsuntsaye a kan mangwaro.

Ciwon da ya kama Luba ya fara ne da rashin son abinci. Ta ɓoye, tana shan jiƙe-jiƙe, har sai da Nabiha, wadda ta karanci harhaɗa magunguna, ta zo daga gidanta ta ga zobe na zamewa daga yatsan uwarta. Aka yi gwaje-gwaje, aka ce ciwon daji ne a hanta. Alhaji bai yarda da abin da likitocin Kano suka faɗa ba. Ya kira wani tsohon abokin cinikinsa a Italiya, aka nema musu asibiti a birnin Salerno da ke bakin teku, suka tashi su uku.

Likitan can bai faɗi wani sabon abu ba. Ya yi wa Nabiha bayani da Turanci a hankali, Luba na kwance tana kallon fuskar 'yarta. Ba ta jin Turanci, amma ta ga yadda Nabiha ta daina tambaya.

"Umma, sun ce a ci gaba da magani a gida," in ji Nabiha, idonta a ƙasa.

"To, alhamdulillahi," in ji Luba. "Daina wahalar da kanki, Nabiha. Na ji."

Alhaji ya fita ya daɗe bai dawo ba. Da ya shigo, idanunsa sun yi ja. Ya zauna a bakin gado ya ce abokinsa ya samo musu ƙaramin jirgin ruwa da matuƙinsa, su kaɗai, wuni guda, kafin su koma Kano. Nabiha ta ce jikin Umma ba zai ɗauka ba. Luba ta ɗaga hannu ta ce, "Zan je."

Da safe aka tura ta a keken marasa lafiya har tashar jiragen ruwa. Matuƙin wani dattijo ne gajere, rana ta ƙona shi, hannayensa duk kanta. Ya miƙo hannu zai taimaka, amma kafin Alhaji da Nabiha su gama shawarar yadda za su ɗaga ta, Luba ta dafa kafaɗar 'yarta ta miƙe, ta jira jirgin ya sunkuyo, ta sa ƙafa daidai lokacin da ya kamata. Dattijon ya dube ta ya faɗi wata magana. Alhaji, wanda yake ɗan tsintar yarensu, ya ce, "Wai kin taɓa shiga jirgi."

"Ka gaya masa a ciki na girma."

Suka fita daga tashar, gari ya koma baya. Luba ba ta taɓa ganin ruwan da ba shi da tsallake ba. A hannun hagu shuɗi ne har inda ido ya gaji, a dama kuma duwatsu ne tsaye a cikin ruwa, an liƙa musu gidaje farare da ruwan ɗorawa, wani a kan wani, har ta riƙa tunanin yadda tsofaffinsu ke hawa. Tsakanin gidajen an yanka dutsen hawa-hawa an shuka lemun tsami. Ta yi tasbihi kamar yadda Alhaji ya ce za ta yi. Ta miƙa hannu ta ɗebo ruwan ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta yi dariya. Nabiha ta juyo da sauri, don ta manta rabon da ta ji wannan dariyar.

Alhaji kuwa tun da igiyar ruwa ta fara jijjiga su ya ƙanƙame ƙarfen gefe, fuskarsa ta yi fari. Ashe duk shekarun da ya yi yana zuwa ƙasar, daga kan titi yake hango tekun, bai taɓa shiga ba.

"Kada ka kalli ƙasa, Alhaji," in ji ta. "Kalli can nesa, inda ruwa ya haɗu da sama. Saki jikinka, ka bi shi."

Suka wuce garin Amalfi da 'yan jiragensa, matuƙin ya shiga da su bakin wani kogo inda ruwan ya koma kore shar, muryarsu tana dawo musu. Da suka fito, suka tarar da wasu masunta biyu suna jan taru. Luba ta roƙi a tsaya. Ta daɗe tana kallon yadda suke naɗe igiya, tana tambayar sunan kifin, Alhaji na fassarawa da ƙyar, rabi da baki rabi da hannu. Dattijon ya ce shi ma masunci ne kafin gwiwa ta hana shi. Daga nan ya ja da baya daga sitiyarin, ya nuna mata.

Nabiha ta ce, "Umma, a'a."

Luba ta riga ta tashi. Aka jingina ta da kujera, ta kama sitiyarin da siraran hannayenta. Da farko jirgin ya ɗan karkace, sai ta gane shi, ta daina kokawa da shi, ta riƙa yankar igiyar ruwa ta gefe yadda mahaifinta ya koya mata a lokacin ambaliya. Iska ta ture mata mayafi, ba ta gyara ba. Dattijon ya harɗe hannu ya ƙyale ta, har garin Positano ya bayyana a gabansu, sannan ƙarfinta ya ƙare, ta zame ta zauna tana haki.

Aka kashe inji a wani lungu mai inuwa. Ta yi alwala da ruwan teku, ta yi azahar a zaune. Matuƙin ya kawo burodi da soyayyun ƙananan kifi, ta ci biyu, abin da ta kwana biyu ba ta yi ba. Nabiha ta koma gaban jirgin don kada a ga tana kuka.

Alhaji ya matso kusa ya ce a hankali, "Ban taɓa ganinki haka ba."

"Ai haka ka same ni, Alhaji. Ka manta ne."

Can ya ce, "Gidan nan na Nassarawa, ba ki ji daɗinsa ba ko?"

Ta so ta ce ta ji, yadda ta saba. Amma ta ga ba sauran lokacin da za ta ajiye maganar.

"Ban rasa ci ba, ban rasa sha ba, Allah ya saka maka da alheri. Amma na yi kaɗaici. Wani lokaci in wuni ban yi magana da kowa ba sai mai aiki. Da ka riƙa kai ni Wudil ka bar ni in shiga kwale-kwale, ko sau ɗaya a shekara, da ya ishe ni."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ka saya min gida irin wannan, sai in ce maka kogi nake so? Da kunya. Kai ma ba ka tambaya ba."

Ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemunsa. "Ki yafe min, Luba."

"Na yafe tun ba yau ba. Ni ma ka yafe min shirun da na yi." Ta dafa hannunsa. "Share fuskarka, kada bawan Allahn nan ya ɗauka faɗa muke yi."

A hanyar dawowa barci ya ɗauke ta, kanta a kafaɗarsa, bai motsa ba har suka iso tasha. Da za su rabu, dattijon ya ba ta manyan lemun tsami daga gonar ƙanwarsa, ya sa hannu a ƙirji ya sunkuya. Ita ma ta sa hannu a ƙirji.

Bayan sun dawo Kano jikin ya ƙi. Ba ta ƙara fita ba sai asibiti. Alhaji ya miƙa wa Anas harkar fata, ya sa aka fito mata da gado baranda, ya riƙa zama kusa da ita daga hantsi har la'asar. Tana ba shi labarin mahaifinta da yayyenta, da shekarar da kogi ya cinye musu katanga, yana saurare kamar baƙon da aka haɗu da shi a mota. Wani lokaci tsakiyar labari sai ciwo ya taso, ta runtse ido, ya jira har ya lafa, ya ce, "Sai aka yi yaya?"

Ta rasu wata safiya a farkon damina, Nabiha na riƙe da ita, tana laƙƙana mata kalmar shahada. Aka yi mata sutura kafin azahar.

A zaman makoki, an kafa rumfa a ƙofar gida, manyan mutane na ta zuwa. Wani maƙwabci ya ce, "Allah ya jiƙan Hajiya, mace mai haƙuri, ko muryarta ba a ji."

Alhaji ya ɗago ya ce, "Ta tuƙa jirgi a teku. Da idona na gani."

Mutanen suka dubi juna, suka ɗauka zafin rashi ne ya taɓa shi. Wani ya ce, "Sai haƙuri, Alhaji," aka ɗaga hannu aka yi fatiha.