Sunana a Kaset ɗin Gwajin Tasi'u

Shekara goma sha huɗu ke nan da muka ɗauki Tasi'u Mai Fiyano muka kai shi makwancinsa a Kazaure. Matasan da ke yawo da muryarsa a wayoyinsu yau, da yawansu a lokacin ko tazugen wando ba su iya ɗaurewa ba. Ni kuwa tare muka yi firamare da shi, tare muka tsere zuwa dam yin iyo aka zane mu da bulala ɗaya, kuma ni ne Haladun nan da kuke ji a waƙar randa. Na faɗi wannan tun da wuri domin mai dariya ya yi abarsa ya gama, sannan mu yi magana.

Wanda ya san Tasi'u a dandali ya san mutum ne mai hayaniya. In ya hau da jitocinsa da gangunansa, har a ƙirji kake jin kiɗan, kuma daga Kano har ƙetaren iyaka babu bikin da ake jin ya cika in ba a sa kaset ɗinsa ba. A gida wani mutum ne daban. Yana da ɗan shago a jikin zauren gidansu, fiyano ɗaya a kan teburi, batirin mota a ƙasa saboda wuta ba ta da alƙawari, sai wata tsohuwar rediyo mai kaset. In na taso daga makarantar da nake koyarwa, na yi la'asar, can nake zarcewa. Aikina guda ne: in ya ɗaga min gira, in danna jan maɓalli.

Abin da rediyon nan ta riƙa ɗauka ba waƙa ba ce, gwaji ne. Ya fara ya tsaya, ya yi tari, ya yi tsaki, ya sake daga farko. Ana jin kukan akuya, ana jin mai tallan fura tana wucewa. In ladan ya kira salla sai kiɗan ya yanke a tsakiyar baiti. Bai taɓa yarda ko ɗaya ta fita daga shagon nan ba. Yakan ce ba a kai wa baƙo tuwon da bai nuna ba, ko da yunwa za ta kashe shi.

Yana da wata al'ada da ita ce tushen wannan rubutu. Sau da yawa karin waƙa kan zo masa tun kafin ya san wanda zai yi wa ita. Gurbin suna kuwa ba ya barinsa wayam, don ya ce in ya bar rami a baiti numfashinsa yana faɗawa ciki. Sai ya waiwayo ya ce, "Malam, ara min sunanka." Wai Haladu suna ne mai sauƙin kai, duk inda ka ajiye shi sai ya zauna. Ta haka ni da ko kekena sai da tura yake tashi na zama Alhaji Haladu mai manyan motoci. Na zama ango ban san amarya ba, na zama ɗan damben da ya kayar da maza alhali ko kaza ba na iya yankawa sai na kira maƙwabci. Muna yi muna dariya har hawaye. In ya tafi sutudiyo a Kano sai ya cire ni ya sa mai waƙar na gaskiya, ni kuma in koma malamin aji huɗu.

Kaset ɗaya ce ba mu yi dariya a cikinta ba. A lokacin ciwon hanta ya riga ya kama shi, ya rame har zoben hannunsa yana zamewa a kan fiyano. Wani na jikinsa, wanda ya amince wa ƙwarai, ya yi masa abin da bai zata ba, daidai lokacin da ba shi da ƙarfin tashi ya kare kansa. Tasi'u ya aika aka kira ni. Bai ɗaga min gira ba ranar, da kansa ya miƙa hannu ya danna maɓallin. Ya yi ta taɓa sauti guda a hankali, sannan ya fara: "Na ba ka ruwa, Haladu, ka sha, ka tafi da randar." Muryarsa tana rawa, yana jan numfashi tsakanin kalmomi. Sunan mutumin yana bakinsa, ya kasa furta shi, shi ya sa ya koma ga sunan da ya saba ara.

Da ya gama ya kashe rediyon ya ce da ni, "Wannan ta mutu a ɗakin nan. Kai kaɗai ka san da wa nake. Na haɗa ka da Allah kada Nafi'u ya taɓa ji, don in ya ji ba shi da sauran dangi." Na ce na ɗauka. Damina ba ta ƙare ba ya rasu.

Nafi'u shi ne ɗansa tilo, yana da shekara goma sha biyu a lokacin, mahaifiyarsa kuma ta riga mahaifinsa tafiya. A wurin dangi yake kwana, amma tukunyar gidana ta san cikinsa. Ni na riƙa duba masa aikin makaranta, ni na raka shi ranar da ya fara koyon gyaran sola, kuma ina cikin dattawan da suka je nema masa aure. Baba yake ce min, ba ya ko haɗawa da suna. Allah bai ba ni ɗa namiji ba, ban kuma taɓa jin rashin ba sai bana.

Bara aka rushe tsohon shagon za a yi gyaran gida. Wani kwali cike da kaset ya bi tarkace ya faɗa hannun mai gyaran rediyo, shi kuma ya sa ɗaya don gwada wata rediyo, ya gane muryar. Daga nan aka kwashe su a kwamfuta, daga kwamfuta suka kai ga masu tura waƙa a memori. Ban zargi kowa da mugun nufi ba. Mutane sun yi kewar Tasi'u, aka ce ga abin da ba a taɓa ji ba, wa zai ƙi?

A Roni na fara ji, a bayan ɗan acaɓa, ina dawowa daga ta'aziyya. Ya saƙale wayarsa a kan babur, sai kawai na ji tarin Tasi'u. Tarin na fara ganewa kafin kiɗan. Na ji akuyar, na ji muryata ma daga nesa ina cewa kaset ta kusa ƙarewa. Wallahi farin ciki na yi, hawaye suka zubo min, na ce yau na ga abokina. Sai ta gaba ta shigo, waƙar randa. Ɗan acaɓan ya ƙara murya yana girgiza kai, ya ce, "Baba, ka ji maci amana ko? Wannan Haladun ko yana raye Allah ya isa." Na ce masa ya kula da hanya.

Waƙoƙin da aka yabe ni a cikinsu ma sun fita, amma yabo ba shi da ƙafa kamar zagi. Ranar kasuwar Gwiwa, rumfa biyu ko uku ita suke sakawa. 'Yan kasuwar Babura da ke ƙetarawa Nijar sun ce can ma ta kai. Wasu yara sun ɗora mata ganga da tafi suna rawa da ita a bidiyon waya, rawa da kukan mutumin da ke gab da mutuwa. A unguwarmu kuwa in na fito masallaci sai in ji daga bayan katanga, "Malam, ina randar?" Manya ba sa faɗi, sai dai su yi shiru in na iso majalisa. Na yi bayanin al'adar aron suna har bakina ya gaji. Amsa guda ce: ruwa ba ya tsami banza. Kowa ya san ni nake riƙe da mukullin shagon a kwanakin jinyarsa, sai kowa ya auna randar da abin da ransa ya ba shi, wani ya ce fiyano, wani ya ce fili.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Na yi shekara talatin ina koyar da yara, ba yau aka fara yi min waƙa a bayan katanga ba. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne Nafi'u. Da fari ya rage zuwa, sannan ya koma gaisuwa daga kan babur, sannan ya fara canza layi. Rannan na tare shi a ƙofar shagonsa, na sake yi masa bayanin da na yi wa kowa. Ya durƙusa kamar yadda ya saba, kansa a ƙasa, ya bari na gama.

Ya ce, "Baba, na saurari kaset ɗin duka. A sauran, in ya ambaci sunanka dariya yake yi. A wannan kuka yake. In ba da kai yake ba, da wa yake?"

Na ce ba zan iya faɗa ba. Ya ce, "To, Allah ya huta gajiya, Malam." Tun ranar Malam nake a wurinsa.

Ban ga laifinsa ba. Yaron da ya rasa uba yana ƙarami, aka wayi gari ya ji uban yana kuka a cikin waya, dole ya nemi wanda ya sa shi kukan. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, to ni aka gani da zomon a kafaɗa. Mutumin da aka yi waƙar dominsa yana nan da ransa, na tabbata ya ji ta, na tabbata kuma ya gane kansa. Mukan haɗu mu gaisa. Bai taɓa ɗaga ido ya dube ni sosai ba tun da ta fita, ni ma ban nemi ya duba ba. Ko wannan da na rubuta na san ya wuce abin da ya kamata in faɗa.

Nakan tambayi kaina me Tasi'u zai ce da ya ga wannan zamani. Mutumin da zai kwashe wata guda yana gyaran baiti ɗaya, yau ga tsakinsa da tarinsa da kuskurensa suna yawo a aljihun kowa. Ina jin da kunya za ta fara kama shi kafin fushi. A zamaninsa mutum yana da ɗakin da zai shiga ya yi kuskure, ya yi kuka, ya goge fuska ya fito. Yanzu ɗakin ba shi da ƙyaure. Wataƙila kuma ya ji daɗi kaɗan, don mawaƙi mawaƙi ne, ba ya ƙin a ce ana jinsa bayan shekara goma sha huɗu. Amma na san abu ɗaya: da zai ga Nafi'u yana canza layi saboda ni, da ya fasa rediyon nan tun ranar da ya saye ta.

Ba zan ɓoye ba, wani lokacin haushinsa nake ji. Kaset ɗaya ce, goge ta bai fi danna maɓalli ba, ya bar ta. Nakan zauna in yi ta yi masa faɗa a zuciya, in ce ka ɗora min kaya ka tafi ka kwanta. Sai in tuna hannun nan da zobe ke zamewa, sai faɗan ya koma addu'a. Bai san za ta fita ba. Abin da ya sani shi ne yana da ɗa ƙarami da zai bari a hannun mutane, kuma ya gwammace ya haɗiye zaluncin da aka yi masa da a ce yaron ya tashi ba shi da gidan da zai shiga ya ce na zo. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Shi ya riƙe nasa har kabari, ni ne zan kasa?

Masu sauraro suna cewa abin da Tasi'u ya bari shi ne murya. Gaskiya ne, kuma murya ce mai daɗi, Allah ya gafarta masa kurakuransa. Amma ni da na zauna kusa da shi, ina ganin abin da ya bari mafi girma shi ne Nafi'u yana da baffanni da gwaggonni da yake shiga gidajensu ba da sallamar baƙo ba, ana yi masa faɗa, ana zuba masa tuwo. Wannan ya ginu ne a kan shirun mahaifinsa, kuma kalma ɗaya daga bakina za ta rushe shi. Zan samu Nafi'u ya dawo min, shi kuma ya rasa kowa. Na auna, na sake aunawa, ban ga riba ba.

Makon jiya matar Nafi'u ta sauka, an samu ɗa namiji. A bakin maƙwabta na ji, su ne kuma suka ce sunan Tasi'u za a sa masa. An raba goron suna a layinmu gida gida, aka tsallake ƙofata. Matata ta ce in zauna, kada in je a wulaƙanta ni da furfurata. Na ce mata ta fito min da farar rigata ta sa a goge. Gobe da safe zan je in zauna a ƙarshen tabarma, in ɗaga hannu tare da jama'a in an yi addu'a, ko da babu wanda ya ce min sannu da zuwa.