Koren Farantin Dikko

Mijina Dikko ya shekara talatin yana karɓar kakin mutane, ni ma na shekara talatin ina ƙyamar aikinsa. A Zariya ya koyo binciken ƙwayoyin cuta. Ya dawo Tambuwal ba a daɗe da yanke Jihar Sakkwato ba, lokacin da kuɗin mai ya mai da abokan karatunsa 'yan kwangila, kowa da sabuwar Fijo. Shi kuwa tsohon babur Honda gare shi, da akwatin katako a baya cike da kwalaben majina. Gari ya sa masa suna Dikko mai kaki, yana amsawa har da murmushi.

Aikin ba ya faɗuwa a gaban abinci. Sai ya dafa romon nama, ya haɗa da jinin tunkiya, ya daskarar a farantan gilas. Sannan ya shafa kakin mara lafiya a kai, ya sa a injin ƙyanƙyasar kaji mai kananzir, don asibitinsu ba wuta. Bayan kwana biyu abu ya tsiro, ya zauna yana kallo kamar mai duban gonarsa. Ranar da na kama shi yana dafa romon a tukunyata, a gabansa na fasa ta.

A Kebbe, yayana Bube na da 'ya'ya biyu, Lauratu mai shekara tara da Zahara'u mai biyar. Tun haihuwa suke tari, suna ci ba sa ƙiba, in gumi ya bushe musu sai ka ga gishiri a goshinsu. Dikko ya ce ciwon gado ne da ke kaurara majina a huhu, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama. Ya ɗebo kakinsu. Farantin Lauratu ya fito kore shar, da wani wari mai zaƙi-zaƙi mai tayar da zuciya. Na Zahara'u fes.

Ya ce mini, "Hindatu, wannan koren in ya kama huhun irinsu ba ya saki. Ƙaramar dai ana iya tsare ta."

Matsalar ita ce surace. Kullum da safe Innarmu takan tafasa ganye a tukunya, ta lulluɓe yaran biyu da bargo ɗaya. A ciki suke shaƙar tururi, suna tari fuska da fuska, suna tofawa a kwano guda.

Muka tafi Kebbe. Dikko ya durƙusa ya gaida Inna, ya ajiye sabon bargon da ya sayo, ya ce, "Inna, a raba su. Kowa da bargonta, da kwanonta, da ɗakinta." Wai don ta gane, sai ya fito da farantin a gaban surukai. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Inna ta toshe hanci. "Mi kac ce? Ɗiya biyu, ciki guda, in raba su awa kutare? Suracen ga nika yi tun ba a haife ka ba. Ɗauke ƙazantarka!"

Bube ne ya ba ta haƙuri, da ƙyar ta yarda a gwada. Dikko ya koma aiki, ya bar ni mako guda in sa ido.

Kwana biyu aka yi ana raba su. Ran na uku Zahara'u ta ƙi shiga bargo ita kaɗai, tana kuka tana kiran yayarta. Ni kuwa har lokacin haushin farantin bai sake ni ba. Na ɗaga gefen bargon Lauratu, na tura ta ciki, na ce, "Shiga abinki, rabu da tsirfar Baban Tambuwal." Inna ta yi dariya. Sabon bargon kuwa na naɗe shi a ƙasan akwatina, na dawo gida na ce masa komai na tafiya daidai.

Wata huɗu bayan haka ya kira ni zaure, ya miƙo mini faranti. Warin ya riga idona gaya mini.

"Na Zahara'u ne," ya ce. "An raba su, kuma duk da haka. Ko dai ni ne na yi lattin magana."

Lauratu ta rasu da damina, Zahara'u ta bi ta bayan shekara uku. Daga nan Dikko ya zama fitina a asibiti. Ya hana a kwantar da yara masu tari gado ɗaya, ya hana kwano ɗaya, yana aika wa malaminsa na Zariya abin da ya gani. An yi masa dariya, daga baya aka bi. Amma a rahotonsa ya rubuta cewa a gidan Kebbe rabawar ba ta yi amfani ba, kuma abin yana damun sa har ya mutu, ban taɓa gaya masa gaskiya ba.

Sabon bargon yana nan a akwatina, ko wanki bai taɓa gani ba. Na yi ta ƙyamar hannun mutumin nan, ina sa shi ya wanke sau uku kafin ya taɓa tuwona. Da wannan hannun nawa na ɗaga gefen bargon Lauratu.