Ranar da Kubra Ta Ware Kwanonta

A layinmu da ke bayan Kasuwar Libiya a Umdurman, duk wanda yau yake da gemu ko take goyo, da wuya ka samu wanda bai bi ta hannun Kubra ba. Ita ce mai wankan jarirai. Iyayenta manoman auduga ne a Jazira, ta zo Umdurman da aure, mijin ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Wafa. Sana'ar a wurin kakarta ta gaje ta. Da an haihu sai a aika mata, ta zo da bahonta da sabulunta, ta yi ta zuwa safe da yamma har a yi arba'in. Kowa Habboba yake ce mata, wato kaka, har waɗanda suka girme ta. Ba ta da fara'a, gaskiya. Ni maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba mu, kuma na sha faɗa da ita a kan ruwan wankinta da ke malalowa ƙofata. Amma jariri ko mai kukan tsiya ne, yana shiga hannunta sai ya yi tsit.

'Yan shekaru kafin yaƙi wani kumburi ya fito mata a wuya. Muka ce maƙoƙo ne, ta yi ta rufe shi da mayafi. Da ya fara hana ta haɗiye ko kisra, wainar dawarmu mai falle-falle, sai Wafa ta ja ta asibiti a Khartoum, aka ce ciwon daji ne, aka yi aiki aka cire. Bayan ɗinki ya warke likitar, wata Doktora Ghada, ta ce da saura. Ni na raka ta ranar, don Wafa cikinta ya yi nauyi.

Likitar ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce abin da aka cire ɗin, a jikin mutum shi ne mai shan aidin, sinadarin nan da ake sa wa gishiri. Idan akwai ɓurɓushinsa da ya ɓuya, za a ba ta ƙwayar aidin mai fitar da wani haske da ido ba ya gani. Ɓurɓushin zai shanye shi, na'ura ta ɗauki hoto a ga inda yake, hasken kuma ya ƙone shi. Ta ce a Alƙahira akwai na'urar da ta fi tasu gani, da wani irin aidin daban, amma wannan ma ta isa.

"Sai dai, ya Hajja," in ji ta, "bayan kin sha, ki yi nesa da masu ciki da jarirai na ɗan lokaci. Ki ware kwanonki da kofinki. Abin da kansa yake mutuwa, kullum yana raguwa. In ya ƙare, ke da kowa ɗaya."

Kubra ta ce, "Jarirai?"

"Na 'yan kwanaki kawai."

To, a nan halinta ya cuce ta. Da wata ce, da ta shige ɗaki ta ce zazzaɓi take yi, shi ke nan. Kubra kuwa, da ta sha ƙwayar aka sallamo ta, sai ta sa aka fitar da gadonta rumfar bayan gida. Ta samo jan fenti ta shafa wa kwanonta da kofinta da cokalinta. Ta ɗaura igiya a bakin rumfar. Masu zuwa dubiya, kun san mu da dubiya, mota guda ake cikawa, suna isowa sai ta ɗaga hannu daga nesa: "Ku tsaya nan! Mai ciki ta koma, mai goyo ta koma!" Ko hannu ta ƙi ba kowa.

Mu kuwa a wurinmu mutum biyu ake ware wa kwano: mai tarin fuka da kuturu. Ko maƙiyinka ne, in ya zo ana ci, tire ɗaya kuke sa hannu. Mutane suka ga jan fenti, suka ga igiya, suka koma gida da abin da suka gani. Kafin mako ya zagayo an ce jikin Habboba wuta yake fitarwa. Wata ta rantse kazar da ta sha ruwan wankinta ta daina ƙwai. Kazar nan na san ta, tsufa ne kawai.

Lokaci ya cika muka koma asibiti. Aka kwantar da ita a ƙarƙashin na'ura, hoto ya fito da ɗan tabo a wuya, likita ta ce shi ne ake nema kuma magani ya kama shi. Bayan wasu watanni aka sake dubawa, babu komai. Likitar da kanta ta rungume ta a gabana. Sai a ranar Kubra ta dawo ta kwance igiya, ta wanke baho, ta zauna jiran aike.

An haihu a gidan Badaru, aka kira wata daga wani layi. An haihu a gidan Mahmud mai shayi, kakar yaron ta ce ita za ta yi da kanta. Na bi gida-gida ina faɗa, har muryata ta dushe. Kowa sai ya ce, "Wallahi mun yarda, amma jariri ba abin gwaji ba ne." Haba! Matar da ta wanke uwar, ta wanke uban?

Ita Wafa ta haihu tun Kubra tana bayan igiya, a gidan surukanta da ke unguwar Aljirif a Khartoum, don haka Kubra ba ta samu wankan ba. Haihuwa ta biyu take jira. Da labari ya zo cewa Wafa ta sake sauka, namiji, Kubra ba ta jira aike ba. Ta ɗauki baho da sabon sabulu, muka hau mota muka ƙetare gada.

Mun tarar da tsakar gida cike da mata. Uwar mijin Wafa ta tare mu da gaisuwa mai tsawo, tana yi tana kallon bahon. Kubra ta wuce ta, ta nufi ɗakin mai jego. Wafa tana zaune a bakin gado da yaron a cinya. Ta ga uwarta, ta kalli surukarta, sai ta miƙe da ƙyar ta ɗago shi sama.

"Yumma," ta ce, haka take kiran uwarta, "ga shi. Kina ganinsa daga nan?"

Kubra ta tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki. Ta janye ta. Ta daɗe tana kallon yaron.

"Ina ganinsa," ta ce. "Allah ya raya. Ki tallafe masa kai, wuyansa bai yi ƙwari ba."

Ta juyo ta miƙo mini bahon, ta ce in riƙe mata, hannunta ya gaji.